Yadda ake saita ƙafar bayan motar tsere don taya ta kama kwalta tun daga tashi

A tseren miƙe, inda motoci biyu ke jeruwa su ruga rubu'in mil, wato ƙafa 1,320 ko mita 402, sau da yawa ana gama magana tun kafin mota ta yi tsawon kanta huɗu. Takardar da ake miƙa wa direba a ƙarshen fili tana nuna lokacin da ya yi a ƙafa 60, da 330, da 660, da 1,000, sannan 1,320. Masu gyaran ƙafar mota lamba ta farko suke fara dubawa. 'Yan tseren Amurka sun daɗe suna cewa duk kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa da ka rage a ƙafa 60, zai dawo maka kashi ɗaya da rabi zuwa biyu a ƙarshen fili. Shi ya sa za ka ga mai inji doki 500 ya bar mai doki 700 yana ta hayaƙin taya a layin tashi.

Wannan bayani ya shafi motoci masu bodi da ƙofa, masu tura kansu da tayoyin baya da aksul guda miƙaƙƙe, irin su tsofaffin Mustang da Camaro da Nova da Malibu da suka cika filayen NHRA, hukumar tseren miƙe ta Amurka, wadda Wally Parks ya kafa a 1951. Manyan dodannin nan na ajin Top Fuel ba su da sifirin ko shokazoba a baya sam, don haka ba su cikin lissafinmu.

Abin da ke faruwa a daƙiƙar farko

Da zarar an saki birki ko kuloci, abubuwa uku ne ke faruwa lokaci guda. Na farko, nauyi yana barin gaba ya koma baya. Lissafinsa ba wuya: nauyin mota, sau ƙarfin fizga, sau tsayin cibiyar nauyi daga ƙasa, a raba da tazarar da ke tsakanin aksul ɗin gaba da na baya. Mota mai kilo 1,400, cibiyar nauyinta rabin mita daga ƙasa, tazarar aksul mita 2.7, idan ta fizga da ƙarfin da ya ninka jan ƙasa sau ɗaya da rabi, kusan kilo 390 ne zai ƙaura zuwa tayoyin baya. Irin wannan motar tana cin ƙafa 60 a wajen daƙiƙa 1.6.

Na biyu, yayin da taya ke juyawa gaba, tukunyar aksul tana son juyawa baya, sai hancinta, inda farfela ke shiga, ya ɗago sama. Na uku, murɗawar farfela tana ɗaga tayar baya ta dama ta danne ta hagu, bodi kuma ya karkata dama har tayar gaba ta hagu ta riga 'yar'uwarta barin ƙasa.

Sandunan da ke haɗa aksul da bodi, da shokazoba, ba su ƙara ko kilo ɗaya a kan 390 ɗin nan idan fizgar ba ta ƙaru ba. Aikinsu shi ne su tsara yaushe nauyin zai sauka a kan taya, da wane irin ƙarfi, kuma ya daɗe nawa kafin ya tashi. Duk abin da za mu taɓa a ƙasa, wannan yake yi wa hidima.

Fara da abin da ba wanda ke son yi

Kafin ka murɗa ko da noti ɗaya, ɗora motar a daɓen siminti mai daidai, da man da take tashi da shi a tanki, da iskar taya irin ta ranar tsere, da direba a kujera ko buhunan da suka kai nauyinsa. Duk awon da aka yi aksul yana reto a kan jak, na banza ne.

Cire shokazoba da sifirin na baya, ka tokare bodi da kyau, ka ɗaga aksul ka sauke shi da jak daga sama har ƙasa. Idan ya cije a wani wuri, ko wani bushin ya riƙe, ko ƙarfe na gugar ƙarfe, to ka sami aikin yini. Motar da ƙafarta ke cijewa ba ta jin saiti, yau ta yi haka gobe ta yi haka. A Mustang na 1979 zuwa 1993, leƙa inda sandunan baya suke kama bodi, domin wurin ya yi suna wajen tsagewa. Ana walda masa ƙarfen ƙarfafawa, a kuma haɗa shasin gaba da na baya da sanduna don bodi ya daina murɗewa.

Daga nan sai ka tabbatar aksul ya miƙe. Da igiya mai dalma irin ta magina, sauke alamar tsakiyar motar a ƙasa, gaba da baya, ka ja layi da alli. Sauke alamar ƙarshen aksul na dama da na hagu, ka auna kowanne zuwa wuri guda a kan layin can gaba. Bambancin kada ya wuce milimita biyu. Ka zagaya tayoyin baya biyu da tef ma, domin taya mara zane ta tsere, wato silik, ba kasafai biyu ke zuwa daidai ba. Idan akwai ɗan bambanci, babbar ta tafi dama.

Sai sikeli huɗu, ɗaya ƙarƙashin kowace taya. Rubuta lambobin a littafi. Idan baya ya yi sakayau, a nan ne ake mai da batir cikin but ta gefen dama, amma dokar NHRA ta ce in an yi haka dole a sa makunnin kashe wuta a waje, bayan mota. Sifirin na baya kuwa ɗaukar mota ne kawai aikinsa. A motocin da sifirin ke naɗe jikin shokazoba, galibi mai laushi ake sa wa, a daidaita tsayi yadda shokazoba za ta zauna kusa da tsakiyar tafiyarta, tana da wurin miƙewa tana da wurin matsewa.

Hancin aksul

Tunda hanci zai ɗago a lokacin tashi, sai a saita shi yana ɗan kallon ƙasa a tsaye, yadda in ya ɗago zai yi layi ɗaya da farfela. Gwargwadon laushin ƙafa, gwargwadon digirin da ake ba shi. Mai sanduna da gaɓoɓin ƙarfe zalla, digiri 1 zuwa 2 ya isa. Mai bushin roba na kamfani, 2 zuwa 4. Mai sifirin falle-falle, 4 zuwa 7. Ɗora ma'aunin kusurwa a kan farfela, sannan a kan hancin, bambancinsu shi ne lambarka. Za ka ji wasu na cewa ƙara digiri yana ƙara kamu. Ni dai a ganina wannan awo ne na ceton kuros da hana rawa, ka saita shi sau ɗaya ka wuce, ka sake dubawa duk lokacin da ka sauya tsayin mota.

Mahaɗar sanduna

Nan ne zuciyar aikin. A tsarin sanda huɗu, kowane gefe yana da sanda ta sama da ta ƙasa, kuma faranti na gaba da na baya duk cike suke da ramuka. Tsuguna a gefen mota ka ja layi da ido bisa sandar sama, wani bisa ta ƙasa, ka miƙa su gaba. Inda suka haɗu, nan ne aksul ke tura mota yana ɗaga ta. Babu ƙarfe a wurin, lissafi ne kawai, amma shi ke mulkin tashi.

Akwai layi na uku. Ya faro daga inda tayar baya ta taɓa ƙasa, ya hau zuwa wani wuri bisa aksul ɗin gaba, a tsayin cibiyar nauyin mota. In ba ka auna cibiyar ba, 'yan tsere kan ɗauki tsayin kamshaf a injin V8 a matsayin kimantawa. Idan mahaɗa ta faɗo a kan layin nan daidai, bayan mota ba ya tsugunawa ba ya tashi, shi ake kira kashi 100. Idan tana sama da shi, bodi zai rabu da aksul ya yi sama, sanduna su maka taya da ƙasa. Idan tana ƙasa da shi, bayan mota zai tsuguna, tayar kuma ta sami duka mai taushi.

Tsugunon nan yana yaudarar 'yan kallo. Suna ganin baya ya durƙusa sai su ce ta kama. Alhali a ɗan ƙiftawar farko, bodin da ke faɗowa yana rage wa taya nauyi ne, sai daga baya sifirin ya matse ya mayar mata.

Ga misali da lambobi, a inci, tunda da inci ake sayar da kayan. Mota mai tazarar aksul inci 108, kamar Camaro na 1967 zuwa 1969, cibiyar nauyi inci 20. Raba 20 da 108, ka sami 0.185, wannan ne gangaren layin kashi 100. A ce ramin baya na sandar ƙasa yana inci 8 daga ƙasa, na sandar sama inci 18, duka a saitin aksul, farantin gaba kuma yana inci 20 gaba da aksul. Sandar ƙasa tana kwance daidai, gabanta inci 8. Sandar sama gabanta inci 14, wato tana sauka inci 4 a cikin 20. Tazarar inci 10 da ke tsakaninsu za ta rufe a inci 50 gaba da aksul, a tsayin inci 8. Raba 8 da 50, ka sami 0.16. Raba wannan da 0.185, ka sami kashi 86. Motar za ta ɗan tsuguna.

Yanzu sauke gaban sandar sama da inci ɗaya, zuwa 13. Mahaɗa ta dawo inci 40, tsayi 8, kashi 108. To a maimakon haka, bar ta sama a 14, ka ɗaga gaban sandar ƙasa zuwa 9. Mahaɗa ta zo inci 40 ɗin dai, amma a tsayin 10, kashi 135. Rami ɗaya tal, daga 86 zuwa 135. Wanda ya ga wannan lissafi ba zai ƙara sauya rami da ka ba.

Gajeriyar mahaɗa mai tsayi tana dukan taya da ƙarfi da sauri, amma dukan ba ya daɗewa. Doguwa mai ƙasa-ƙasa tana duka a hankali, ta riƙe nauyin zuwa gaba. Mota mai matsakaicin ƙarfi da ke tashi da birkin ƙafa, a filin da ba a gyara sosai ba, tana son a taimaka mata da duka. Mai doki dubu da ke tashi da birkin giya, wato na'urar da ke kulle giya har sai direba ya saki maɓalli, a filin da aka fesa wa ruwan danƙo, ƙarfin injinta ya riga ya ishi taya, in ka ƙara mata sai ta murƙushe ta. Taya radiyal ta tsere kuma halinta daban: ba ta yafe sulɓi, in ta fara juyawa a banza ba ta dawowa, don haka masu ita kan sa kashi ya haura 100 sosai, su bar shokazoba ta riƙa sakin bodi sannu a hankali. Silik kuwa tana son ɗan juyi kaɗan a farko, gefenta ya yamutse, sannan ta cafke.

Sauran tsare-tsaren ba su da wannan yalwa. A sandar tsani, wato sanda ɗaya mai siffar tsani a kowane gefe, mahaɗa ita ce kusar gaba da kanta, wajen inci 32 zuwa 36 daga aksul, ramuka biyu ko uku ne: na sama duka mai ƙarfi, na ƙasa mai sauƙi. A motocin kamfani masu sanda huɗu a karkace, irin Mustang ɗin da muka ambata da Malibu, ana sayar da farantin da ke sauke bayan sandar ƙasa, wanda ke ɗaga mahaɗa. Ka lura, rage tsayin irin waɗannan motoci yana sa sandar ƙasa ta kalli ƙasa ta gaba, kamu ya lalace ba tare da mai ita ya san dalili ba.

Sifirin falle-falle, irin wanda muka saba gani a bayan a-kori-kura, matsalarsa ita ce aksul yana naɗe shi ya lanƙwashe, ya sake, ya sake naɗewa, sai taya ta dinga tsalle. Tsallen nan shi ke karya aksul da kuros, da ka ji shi ka ɗaga ƙafa daga totur. Maganinsa a ƙarfafa rabin gaba na sifirin ya zama kamar sanda, a bar rabin baya sake. Tsofaffin 'yan tseren Dodge da Plymouth da maɗauran ƙarfe suke ɗaure fallayen gaba, yanzu kuwa sandunan hana naɗewa da ake kira CalTracs ne suka yi yawa.

Shokazoba

Mahaɗa ta faɗi irin ƙarfin da za a yi, shokazoba ce ke faɗin saurinsa. In da hali, sayi mai maɓalli biyu, ɗaya na miƙewa ɗaya na matsewa, domin ayyukansu ba ɗaya ba ne. Murɗa kowanne har ƙarshe, ka ƙirga ƙaran da yake yi zuwa ɗaya ƙarshen, ka fara daga inda kamfanin ya ce ko daga tsakiya, dama da hagu daidai.

A motar da bodi ke rabuwa da aksul, shokazobar baya miƙewa take yi a lokacin tashi. Sassauta maɓallin miƙewa, duka ya zo da sauri da ƙarfi. Ɗaure shi, duka ya zo a hankali. Bayan dukan, tayar da aka danne za ta so ta dawo sama kamar ƙwallon da aka buga da ƙasa, kuma maɓallin matsewa ne ke hana ta. In ya yi laushi, taya ta kama, ta yi tsalle, ta sulɓe. In ya yi tauri fiye da kima, mota za ta riƙa sakin ƙasa a kan ƙananan tudun fili can gaba, inda gudu ya yi yawa.

Ƙara biyu-biyu ake tafiya, kuma maɓalli ɗaya a kowane gwaji. Ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar shokazoba don ka ga iyakar inda ta matse. Idan kuma tana miƙewa har ƙarshenta ta buga, to a wannan lokacin taya ta rasa mai danna ta, komai kyan lissafinka.

Gaban mota ma na cikin maganar baya

Gaba ne ke sakin nauyin da baya ke jira. Mota mai ƙaramin ƙarfi tana son gabanta ya tashi da sauƙi ya sauko a hankali, shi ne asalin shokazobar nan da ake kira 90/10, kuma tana son tafiyar kamar inci 5 kafin ƙafar gaba ta ƙure. Ana cire sandar hana karkata ta gaba a ranar tsere don kada ta riƙe. Amma idan gaba ya yi tsalle ya ƙure farat ɗaya, nauyin zai zo a dunƙule ya koma a dunƙule, taya ta sulɓe bayan 'yan taku. Sai a ɗaure miƙewar gaba kaɗan. Motar da ke miƙewa tsaye tana kallon sama kuwa, ta burge 'yan kallo amma ta yi asarar lokaci, kuma saukarta na iya fasa tukunyar baƙin mai. A ɗaure gaba, a rage tafiyarsa da maɗauri, ko a sa ƙananan tayoyin tokare a baya.

In ta tashi a karkace

Yawancin motocin tsere tayoyin bayansu a kulle suke, tare suke juyawa. Tunda farfela na danne ta hagu, ita ke fin turawa, sai mota ta nufi dama. Gyaran shi ne a ba tayar dama ɗan ƙarin nauyi tun a tsaye. A sanda huɗu, direba na zaune, saita sandar sama ta dama har kusarta ta riƙa shiga da fita da yatsa, wannan ne sifili. Daga nan rage tsawonta da fuska ɗaya ta noti, wato kashi ɗaya cikin shida na zagaye, ka duba sikeli ka ga nauyin dama ya ƙaru. In ta koma jan hagu, ka wuce gona da iri. Kada ka zarce 'yan fuskoki kaɗan, domin nauyin da ya miƙar da ita a ƙarƙashin wuta, shi zai ja ta gefe idan ka saki totur a ƙarshen fili. A motocin kamfani masu sifirin naɗi, jakar iska ake cusawa cikin sifirin na dama. Masu ƙarfi sosai kuwa sandar hana karkata ta baya suke sakawa, mai kauri, a saita ta a sifili da direba a ciki.

A fili

Gwajin nan na filin tsere ne, irin su Pomona da Gainesville a Amurka, Santa Pod a Ingila, ko filayen Bahrain da Qatar, inda akwai katanga da motar asibiti. A dokar NHRA, motar da ke gama fili a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka sai da hular kwano, in tana kan silik sai da zoben da ke tare farfela idan ta tsinke, daga 11.49 zuwa ƙasa kuma sai da sandar kariya a cikin bodi, mai kare direba in mota ta kife.

Fara da iskar da kamfanin taya ya ba da shawara, ko Mickey Thompson ne ko Hoosier ko Goodyear. Silik ta motoci masu bodi galibi tana zama wajen fam 10 zuwa 14, radiyal ta fi haka. Rabin fam ake ragewa ko a ƙara, da geji guda ɗaya kullum, kuma a auna daf da shiga layi, don tayar da rana ta buga ta fi ta inuwa iska. In iska ta yi kaɗan, wili na iya juyawa cikin taya, mota kuma ta riƙa lilo a babban gudu. Ƙona taya a wurin ruwa, wato juya ta a tsaye don ta yi zafi kafin tashi, da juyin injin da kake tashi da shi, su zama iri ɗaya a kowane zagaye, in ba haka ba ba za ka san abin da ya kawo sauyi ba.

Ja farin layi a gefen tayar baya. Ka sa wani ya tsuguna nesa kaɗan ta gefe, inda jami'an fili suka yarda, ya ɗauki tashin da waya a tsarin da ke rage gudun hoto. Wani kuma ya ɗauka ta baya. A hoton za ka ga abin da direba ba zai taɓa ji ba. In farin layin ya ɓace da gudu tun mota ba ta motsa ba, gefen taya kuma bai yamutse ba, duka ya yi kaɗan: sassauta miƙewar baya, rage iska kaɗan, in bai isa ba ka matso da mahaɗa kusa da aksul. In taya ta baje har wili ya kusa taɓa kwalta, sannan ta zabura ta sulɓe, duka ya yi yawa: ɗaure miƙewa, ƙara iska, ko tura mahaɗa gaba. In ta kama lafiya sai a taku na goma ta saki, dubi gaban motar a daidai wannan hoton. Idan a nan ya ƙure ko ya fara faɗowa, laifin gaba ne. Idan gaba lafiya lau, ƙara matsewar baya. In kuma ta cafke har inji ya shaƙe ya yi ƙasa, kamu ya fi ƙarfi yawa, sai ka ƙara juyin tashi ko ka ƙara wa taya iska.

Rubuta komai a littafin nan: sa'a, zafin kwalta, layin dama ko na hagu, iskar taya, ƙaran kowane maɓalli, ramin kowace sanda, da lokacin ƙafa 60 da na 330. Na 330 ɗin yana da muhimmanci, don akwai saitin da ke ba da kyakkyawan 60 amma ya saki taya a canjin giya na farko. Kwaltar da rana ta gasa da azahar tana yin santsi, da yamma kuma ta dawo da danƙonta, saboda haka in lokaci ya lalace da tsakar rana, dubi abin da sauran motocin ajinka suka yi kafin ka ɗauko sifana. Bi gyaran daga mai sauƙi zuwa mai wuya: iskar taya, juyin tashi, shokazobar baya, ta gaba. Sai duk waɗannan sun ƙure sannan a sauya ramin sanda, kuma duk ranar da aka sauya shi, a sake auna hancin aksul, a sake duba miƙewarsa, a mai da sandar dama sifili, a koma kan sikeli.